Wilhelm Rontgen: Ɗalibin da aka kora daga makaranta, ya nuna wa duniya ƙashinta

 Yau tarihin wani Bajamushe na kawo mana, wanda ya mutu fiye da shekara 100 da suka wuce. Bai san ƙasar Hausa ba, amma da wuya ka sami gida a ƙasar nan da aikinsa bai taɓa shiga ba. Bari in fara faɗa maku yadda aka yi na san shi.

Da daminar bara ina gida hutu a Dudunni, kakata da muke ce wa Iya ta zame a tsakar gida. Ba wata faɗuwar a zo a gani ba ce, santsi ne ya kwashe ta kusa da randa, ta dafa ƙasa da hannun dama. Shi ke nan fa, wuyan hannu ya karye. Kamar yadda muka saba, mai ɗori aka fara kira, ya zo ya yi nasa aikin. Sai kawuna ya kafe a kan lallai a je asibiti a ɗauki hoto. Muka fito Kankiya muka hau motar Katsina. Likitan da ya duba hoton ya ɗaga shi wajen haske ya nuna mana karayar, sannan ya ƙara da wata magana da ta tsaya mani a rai. Wai lafiyayyen ƙashi bai kamata ya karye a irin wannan 'yar faɗuwa ba, na Iya ya zaizaye ne ta ciki, kamar itacen da gara ta ci, waje lafiya lau, ciki fanko. Ya ce akwai wani gwaji daban mai suna Deksa, da ke auna ƙarfin ƙashi tun kafin ya karye. Babu wanda ya taɓa jin sunan a cikinmu.

A hanyar dawowa ni na riƙe ambulan ɗin hoton a cinya. Ina ta zaro shi ina kallo ta tagar mota, ina tambayar kaina, wai wa ya fara gano yadda za a ga ƙashin mai rai ba tare da an tsaga shi ba? Da na koma makaranta na bi sawun tambayar, sai ta kai ni wurin Wilhelm Conrad Rontgen.

An haife shi ranar 27 ga Maris, 1845, a wani ƙaramin gari mai suna Lennep a yammacin Jamus. Mahaifinsa ɗan kasuwar yadi ne, mahaifiyarsa kuma 'yar asalin Holan, shi kaɗai suka haifa. Yana shekara 3 iyayensa suka koma garin Apeldoorn na Holan, a can ya tashi. Bai yi suna a aji ba. Abin da aka fi tunawa da shi, yaro ne mai son yawon daji da ƙere-ƙeren hannu.

A 1862 aka sa shi makarantar koyon fasaha a birnin Utrecht, kuma a nan ne ƙaddara ta faɗa masa. Wani ɗalibi ya yi zanen barkwanci na wani malaminsu, aka kama Rontgen da laifin. Kamar yadda masu rubuta tarihinsa suka ruwaito, ya san wanda ya yi zanen amma ya ƙi tona shi. Aka kore shi. Ku duba fa, korar nan ta sa ya rasa takardar kammala sakandare, kamar a ce yau ba ka da Wayek ba ka da Neko amma kana son shiga jami'a. Ya je Jami'ar Utrecht, sai dai a matsayin ɗan sauraro kawai, wanda zai zauna a aji amma ba digiri a gabansa. Yana cikin wannan hali ya ji labarin kwalejin fasaha ta birnin Zurich a ƙasar Suwizalan, wadda ba ta tilasta kawo waccan takarda. Ya tafi can a 1865, ya gama injiniyanci a 1868, shekara guda bayan nan Jami'ar Zurich ta ba shi digirin dakta.

A Zurich ya haɗu da mutum biyu da suka juya rayuwarsa. Na farko malaminsa August Kundt, wanda ya janye shi daga injiniyanci zuwa kimiyyar fiziks ya ɗauke shi mataimaki. Ta biyu Anna Bertha Ludwig, ɗiyar mai wani gidan abinci da ɗalibai ke zuwa. Ta girme shi da shekara 6. Sun yi aure a Janairun 1872. Allah bai ba su haihuwa ba, sai daga baya suka ɗauki riƙon ɗiyar ɗan uwan matar.

Tsohuwar takardar nan kuwa ba ta bar bin sa ba. Da ya bi Kundt zuwa Jami'ar Wurzburg, jami'ar ta ƙi ba shi izinin zama cikakken malami, wai ba shi da shaidar sakandare, alhali ga digirin dakta a hannunsa. Dole ya bi ubangidansa zuwa Strasbourg, inda aka ba shi wannan izini a 1874. Daga nan ya yi ta hawa, ya zama farfesa a Giessen a 1879. Sai ga shi a 1888 ita dai Wurzburg ɗin da ta ƙi shi ta kira shi ta ba shi kujerar farfesan fiziks, a 1894 kuma ta zaɓe shi shugaban jami'ar. Ni kam wannan wurin ya fi ko'ina yi mani daɗi a tarihinsa.

Har ya kai shekara 50 ba wanda ya san shi sai abokan aikinsa. Mutum ne miskili, ba ya son taro, ba ya son surutu, kayan gwajinsa ma sau da yawa da hannunsa yake haɗawa. An san shi da bin ƙwaƙƙwafi wajen awo, in ya auna abu sai ya sake aunawa.

Sai ranar Juma'a, 8 ga Nuwamba, 1895. Don mu gane nisan lokacin, Sarkin Musulmi Abdurrahman ne ke kan gado a Sakkwato, saura shekara 7 da 'yan watanni Turawan Ingila su ci Kano. A yammacin ranar Rontgen yana shi kaɗai a ɗakin gwaje-gwajensa, yana aiki da wata kwalbar gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, ana tura mata wutar lantarki mai ƙarfi. Masana da yawa a Turai suna wasa da irin wannan kwalba a lokacin. Shi sai ya lulluɓe tasa da baƙin kwali ruf, ya duhunta ɗakin, ya kunna wuta. Can gefe, a kan wani benci, sai ya hangi ɗan ƙyalli. Wata takarda ce da aka shafa wa sinadari mai ƙyalli idan haske ya taɓa shi. To amma wane haske, alhali kwalbar a rufe take? Ya kashe wuta, ƙyalli ya ɓace. Ya kunna, ya dawo. Ya matsar da takardar har nisan mita 2, ba ta daina ba.

A nan ne bambancinsa da sauran ya fito, domin ba shi ne farkon wanda abin ya gilma ta gabansa ba. A 1890 wani malami a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Arthur Goodspeed, ya sami inuwar wasu kwabbai a kan farantin hoto bayan irin wannan gwaji, bai gane mene ne ba, ya ajiye. Ana kuma ba da labarin cewa babban masanin Ingila William Crookes ya sha ganin farantan hotonsa sun dusashe a kusa da kwalbar, sai ya ɗauka kamfanin da ya sayar masa ne ya ba shi marasa kyau. Shi Rontgen sai ya rufe ƙofa. Kusan mako 7 yana ci yana kwana a ɗakin gwajin, bai faɗa wa kowa abin da yake ciki ba.

Abin da ya yi a makonnin nan shi ne ya riƙa sa abubuwa tsakanin kwalbar da takardar yana duba inuwarsu. Littafi mai shafi kusan 1,000, hasken ya ratsa. Katako, ya ratsa. Falle na alminiyam, ya ratsa amma ya rage ƙarfi. Dalma kuwa ta tare shi. Ya lura cewa mafi yawa, gwargwadon nauyi da cunkushewar abu, gwargwadon yadda yake tare hasken. Ku riƙe wannan batu, za mu dawo kansa. Wata rana yana riƙe da guntun dalma a gaban kwalbar, sai ya ga inuwar ƙasusuwan yatsunsa a jikin takardar. Da yake bai san ko wane irin haske ba ne, sai ya laƙaba masa harafin X, wanda 'yan lissafi ke sa wa abin da ba a sani ba. Asalin sunan eksire ke nan da muke faɗa a asibiti.

Ranar 22 ga Disamba ya kira matarsa, ya ɗora hannunta a kan farantin hoto na kusan minti 15. Da aka wanke, sai ga ƙasusuwan yatsunta da zobenta. An ce matar ta firgita, ji ta yi kamar mutuwarta aka nuna mata. Ni ban ga laifinta ba. A wancan zamani ba a ganin ƙashin mutum sai a kabari.

Ranar 28 ga Disamba ya miƙa wa ƙungiyar masana kimiyya da likitanci ta Wurzburg gajeren rahoto, ranar 1 ga Janairu, 1896, ya aika wa wasu abokan aikinsa kwafi tare da hotuna. Daga nan abin ya fita hannunsa ya shiga hannun mutanenmu, wato 'yan jarida. Ranar 5 ga Janairu jaridar Die Presse ta birnin Viyana ta buga labarin a shafin farko, kuma saboda gaggawa har sunansa suka rubuta ba daidai ba. (Malaminmu na rubutun labari da zai ga wannan, sifiri zai ba su.) Cikin 'yan kwanaki waya ta kai labarin Landan da Amurka. A cikin watan nan na Janairu Sarkin Jamus Wilhelm na II ya kira shi fada ya nuna masa. Ranar 23 ya yi lacca a Wurzburg, ya ɗauki hoton hannun wani dattijon farfesa, Albert von Kolliker, a gaban jama'a, dattijon ya ba da shawarar a sa wa hasken sunan Rontgen. Har gobe haka Jamusawa ke kiran sa.

Shi kuwa gogan naku duk wannan hayaniya ba ta yi masa daɗi ba. Ya riƙa guje wa 'yan jarida. Wani wakilin mujallar Amurka da ya samu ya gana da shi ya tambaye shi me ya yi tunani da ya ga ƙyallin, sai ya nuna masa cewa shi bai tsaya tunani ba, bincike ya shiga. Rahoto 3 kacal ya rubuta a kan hasken, tsakanin 1895 da 1897, ya koma ga sauran bincikensa. Wasu kuwa a 1896 kaɗai sun rubuta maƙala sama da 1,000 a kai.

Likitoci ba su ɓata lokaci ba, kuma abin ya taɓo nahiyarmu da wuri, sai dai ta hanyar yaƙi. A 1896 likitocin sojan Italiya sun yi amfani da shi wajen neman harsashi a jikin sojojinsu da Habashawa suka raunata a yaƙin Adwa. A 1898 sojan Ingila sun kai na'urar har Sudan, lokacin yaƙinsu da mutanen Mahadi. Dalilin da ya sa ta bazu haka da sauri shi ne Rontgen ya ƙi yin rajistar mallakar abin da ya gano. Kamfanin lantarki na AEG ya neme shi, ya ƙi, a ganinsa binciken jami'a na kowa da kowa ne. Duk mai kwalba da lantarki yana iya haɗa tasa. Da aka ba shi kyautar Nobel ta fiziks a 1901, kuma shi ne mutum na farko da ya taɓa karɓar ta, kuɗin gaba ɗaya ya bar wa Jami'ar Wurzburg. Laccar da ake so mai kyauta ya yi ma bai yi ba. An yi masa tayin muƙamin da zai sa shi cikin masu sarauta, ya ce a bar shi da sunansa.

Kada in zuzuta shi fiye da kima. A 1914, da aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana cikin masana 93 na Jamus da suka sa hannu a wata takardar kare abin da sojan ƙasarsu ke yi, abin da ya yi nadama a kai daga baya. Kuma hasken nasa ya ci mutane kafin a gane haɗarinsa. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, ya yi ta gwaji da hannuwansa har suka ƙone, aka yanke su, ya mutu da ciwon daji a 1904. Irin wannan ne ya sa yau za ka ga ma'aikacin ɗakin hoto ya koma bayan bango kafin ya danna, ana kuma tambayar mace ko tana da juna biyu.

Ƙarshen rayuwarsa akwai ban tausayi. Ya koma Jami'ar Munich tun 1900. Anna Bertha ta mutu a 1919 bayan doguwar jinya. Bayan yaƙi kuɗin Jamus ya lalace, hauhawar farashi ta cinye ɗan abin da ya tara. Mutumin da ya ƙi arzikin da kamfanoni suka yi ta kwasa da aikinsa ya ƙare cikin ƙunci. Ya mutu ranar 10 ga Fabrairu, 1923, da ciwon dajin hanji, yana da shekara 77, lokacin Sarki Muhammadu Dikko yana mulkin Katsina. An binne shi a Giessen kusa da matarsa da iyayensa. Ya bar wasiyyar a ƙona takardunsa, aka kuwa ƙona da yawa, shi ya sa har yau akwai abubuwan da suka faru a makonni 7 ɗin nan da suka tafi tare da shi.

To, mu dawo kan Deksa da likitan Iya ya ambata. Na ce ku riƙe batun cunkushewar abu da yadda yake tare haske, domin shi ne tushen gwajin gaba ɗaya. Hoton eksire na yau da kullum inuwa ce kawai, ido ke duba ta. Yana nuna karaya sarai, amma ba ya nuna zaizayar ƙashi sai kusan kashi 30 cikin 100 na ma'adinin ƙashin ya tafi. Kafin nan ai ɓarna ta yi nisa. Abin da aka rasa shi ne hanyar mai da inuwar nan lamba. A 1963, shekara 40 bayan mutuwar Rontgen, John Cameron da James Sorenson na Jami'ar Wisconsin a Amurka suka fito da hanyar auna yawan hasken da ƙashin hannu ya shanye. A 1987 kamfanin Hologic ya fitar da na'urar Deksa ta farko kasuwa.

Yadda take aiki ba wuya. Mutum zai kwanta a gado da tufafinsa, hannun na'urar ya bi ta samansa na 'yan mintoci, galibi a kan ƙashin baya da kwatangwalo. Tana aika hasken eksire iri biyu, mai ƙarfi da mai rauni. Tsoka da ƙashi kowanne da yadda yake shanye su, don haka sai kwamfuta ta kwatanta biyun, ta cire rabon tsoka, ta faɗi giram nawa na ma'adini ke cikin kowane murabba'in santimita na ƙashin. Hasken da ke shiga jiki bai kai na hoton ƙirji ɗaya ba. Idan kuma aka bi jiki duka daga kai zuwa ƙafa, tana raba shi uku, ƙashi da tsoka da kitse, ta nuna inda kitsen ya taru. Sikeli zai ce maka kilo 70 kake, ita kuwa za ta faɗa maka nawa ne tsoka a ciki, nawa ne teɓa. Shi ya sa manyan kulob-kulob na ƙwallo a Turai ke gwada 'yan wasansu da ita.

A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni. Wanda makinsa ya kama daga -1 zuwa sama, ƙashinsa lafiya. Tsakanin -1 da -2.5, ya fara rauni. Daga -2.5 zuwa ƙasa, ciwon zaizayar ƙashi ya tabbata. Abin da ya ba ni mamaki, da me ake kwatanta ƙashin tsohon don a ba shi maki? Da ƙashin lafiyayyen matashi, wato irin nawa da naku. Dalili kuwa, jiki yana gina ƙashi ne tun daga yarinta har zuwa wajen shekara 30. Kamar rumbu ne, a shekarun nan ake cika shi, daga baya sai ɗiba. Mata kuma ɗibarsu ta fi sauri bayan sun daina al'ada. Ke nan karayar Iya ta bara, tun tana budurwa aka fara rubuta ta.

Abin da ake cika rumbun da shi ba daga Turai ake kawo shi ba: sinadarin kalsiyam da ke cikin nono da kindirmo, da riɗi, da ganye irin su zogale da kuka, da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, sai hasken rana da motsa jiki. Muna da rana har ta yi yawa, matsalarmu ta fi yawa a kwano. Wani bincike da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe saboda taushin ƙashi sun fi samun sauƙi da aka ba su kalsiyam, fiye da waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Ni da na karanta wannan sai na tuna yadda muke yi a hostel, taliyar leda da lemon kwalba safe da dare, ga mai fura da nono a bakin get muna wuce ta.

Iya dai ba a yi mata Deksa ba. Kawuna ya lissafa kuɗin mota da na gwajin da wahalar tsohuwa a hanya, ya ce a bari tukuna. An ba ta magani, an yi mata kashedi da santsi, aka kuma ɗauke randar daga inda take aka zuba tsakuwa a wurin. Hannun ya haɗe, ko da yake ya ɗan karkace. Hoton yana nan ƙarƙashin katifarta, duk wanda ya zo gaishe ta sai ta zaro ta ɗaga masa a bakin ƙofa ya ga ƙashinta. Da na ba ta labarin matar Rontgen da yadda ta firgita, dariya ta yi. Abin da ya dame ta kawai shi ne ita an bar ta da zobenta a hoto, alhali ita Iya sai da aka sa ta cire nata da awarwaronta kafin a ɗauka.